Jagorar Tara Tsofaffin Dirhamomin Azurfa: Daga Karanta Rubutunsu Zuwa Gane Jabu

Duk wanda ya zauna gaban malami ana karatun babin zakka ya ji an ce nisabin azurfa dirhami 200 ne, a babin aure kuma ya ji mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami 3. Sunan ya zauna mana a baka, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa riƙe dirhamin a hannu. Alhali kuwa yana nan birjik. An buga shi da yawan gaske tun daga Andalus har Samarƙand, kuma har yau mutum yana iya mallakar wanda aka buga a zamanin Haruna Rashid da kuɗin da bai kai dala ɗari ba. Abin da ke raba mai tarawa na gaske da mai zubar da kuɗinsa shi ne iya karatu, domin dirhami yana faɗin garin da aka buga shi da shekarar da aka buga shi da bakinsa. Saboda haka matakan da ke ƙasa sun fi ba karatu ƙarfi a kan saye.

Mataki na farko: san asalin abin da za ka tara

Lokacin da Musulmi suka ci Iraƙi da Farisa ba su zo da kuɗin kansu ba. Sun ci gaba da buga azurfar sarakunan Farisa kamar yadda suka same ta: hoton Kisra a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma murhun wutar Majusawa da masu gadinsa biyu. Abin da suka ƙara kawai shi ne "bismillah" a gefe, daga baya aka riƙa sa sunan gwamna, irin su Ziyad bin Abi Sufyan da Hajjaju bin Yusuf. Masu tarawa suna son waɗannan ƙwarai, amma rubutunsu na Fahlawi ne, tsohon rubutun Farisa, kuma ba nan ya kamata sabon shiga ya fara ba.

Halifa Abdulmalik bin Marwan ne ya sauya komai. A shekara ta 77 bayan hijira ya fitar da dinarin zinariya wanda babu hoto a jikinsa sai rubutu, a shekara ta 79 (wajen 698 Miladiyya) dirhamin azurfa ya bi sahu. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka tsaya a kai shi ne dirhami 10 daidai yake da miskali 7, wato dinari giram 4.25, dirhami kuma kusan giram 2.97. Wannan siffa ta rubutu zalla ita ce ta yi ƙarnuka tana yawo a duniya. Ba kowa ne ya yi murna da ita ba a farko: masana tarihi irin su Balazuri sun ruwaito cewa wasu malamai sun ƙyamaci sa ayoyin Alƙur'ani a kan kuɗin da mai tsarki da marar tsarki za su riƙa taɓawa. Wannan magana har yau tana da amfani ga mai tarawa, don abin da ke hannunsa yana ɗauke da sunan Allah, ba a yar da shi ko'ina.

A ƙasar Hausa ba a buga dirhami a wancan zamani ba. Da kuɗin wuri aka yi ciniki daga baya, sai kuma liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780, wanda ya shigo ta Sahara har mata suka riƙa yin ado da shi. Don haka idan wani ya kawo maka dirhamin Abbasiyawa ya ce a kufai ya tono shi a bayan gari, ka yi taka-tsantsan da labarin tun kafin ka duba kuɗin.

Mataki na biyu: koyi karanta shi

A nan ne aikin yake, kuma a nan wanda ya yi makarantar allo ya riga Bature mai tarawa nisa. Rubutun dirhami Kufi ne, marar ɗigo, marar wasali, mai kusurwa. Idon da ya saba da rubutun Alƙur'ani na Warshu irin namu ba ya shan wahalar sabawa da shi. Lissafin Larabci ma muna da shi a baka: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin.

Ɗauki dirhamin Umayyawa. A tsakiyar fuskar farko akwai layi uku: "la ilaha illa / Allahu wahdahu / la sharika lahu". Rubutun da ya kewaye gefe shi ne mafi muhimmanci a wurinka: "bismillahi duriba hazad dirhamu bi..." sai sunan gari, sai "sanata" (a wasu "fi sanati"), sai shekara. A ɗaya fuskar, tsakiya Suratul Ikhlasi ce ba tare da "ƙul huwa" ba, gefe kuma "Muhammadun rasulullahi arsalahu bil huda wa dinil haƙƙi..." wanda aka ɗauko daga lafazin aya ta 33 a Suratut Tauba. Babu sunan halifa ko kaɗan. Shekarar ce za ta gaya maka wanda ke mulki: idan ka ga 95, zamanin Walidu bin Abdulmalik ne, idan 100 ce, Umar bin Abdul'aziz, daga 105 zuwa 125 kuma Hisham.

Ga yadda za ka bi. Ka nemo "bismillah" a gefe tukuna, yawanci tana wajen sama. Ka riƙa juya kuɗin a hankali kana bin rubutun har ka wuce kalmar "dirham". Abin da ya biyo baya, mai farawa da harafin ba, shi ne gari. Shekara kuma da kalmomi ake rubuta ta, ba da alƙaluma ba, kuma daga ƙarami zuwa babba: ɗaiɗaiku, gomomi, sannan ɗaruruwa. "Khamsin wa tis'ina", biyar da casa'in, 95 ke nan. "Samanin wa samanina wa mi'a", takwas da tamanin da ɗari, 188.

Tarkon da ke kama kowa shi ne bakwai da tara. Tun da babu ɗigo, "sab'a" da "tis'a" kusan siffarsu ɗaya, haƙora huɗu a jere sannan ainu. Ka duba wane haƙori ne ya fi tsawo. Idan na farko ne, harafin ta ne, wato tara. Idan na ƙarshe ne ya ɗaga, harafin ba ne, wato bakwai. Haka saba'in da tis'in. Shekara ashirin na iya ɓacewa a kan haƙori ɗaya, wani lokaci ma farashin ya sauya da ita.

Mayar da shekarar hijira zuwa Miladiyya ba wuya: ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekara ta 95 za ta ba ka 714, kuma kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Da Abbasiyawa suka karɓi mulki a 132 (750), sai suka cire Suratul Ikhlasi daga tsakiya suka sa "Muhammad / rasulu / Allah". Da kallo ɗaya za ka bambance su da na Umayyawa ta wannan. Daga zamanin Mahdi sunan halifa ya fara fitowa, ana kuma samun sunayen masu jiran gado da wazirai da gwamnoni. Za ka ga "Ja'afar" a ƙasan wasu dirhamomin Haruna Rashid, wato Ja'afar Barmaki, kafin a kashe shi a 187. Za ka ga sunan Aliyu Rida a kan waɗanda Ma'amun ya buga bayan ya naɗa shi magaji a 201. Ma'amun ɗin ne kuma ya ƙara zobe na biyu na rubutu a fuskar farko, "lillahil amru min ƙablu wa min ba'adu", daga Suratur Rum. Duk dirhamin da ka gani da zobe biyu a wannan fuska, to daga zamaninsa ne zuwa gaba.

Dalilin wannan tururuwar sunaye shi ne a wancan zamani abu biyu ke nuna wane ne mai ƙasa: a ambace shi a huɗubar Juma'a, a kuma buga sunansa a kuɗi. Gwamnan da ya cire sunan halifa daga dirhami ya yi shelar tawaye ke nan. Wannan ya zame wa mai tarawa makami. A ce kana da dirhamin Isma'ila bin Ahmad na Samaniyawa, daular da ta mulki yankin Samarƙand, wanda ya yi mulki daga 279 zuwa 295, amma shekarar ta goge. Ka duba sunan halifan da ke samansa. Idan Mu'utadid ne, tsakanin 279 da 289 aka buga shi. Idan Muktafi ne, daga 289 zuwa 295.

Sunayen garuruwa ma sai an haddace, don ba duka ne suke da sunan da muka san su da shi ba. Madinatus Salam ita ce Bagadaza, wadda Mansur ya gina a 145. Muhammadiyya ita ce Rayyu, kusa da Tehran ta yau. Surra man ra'a ita ce Samarra. Shash ita ce Tashkent. Ifriƙiyya yankin Tunisiya ne.

Mataki na uku: zaɓi fage ɗaya

Daulolin da suka buga azurfa sun fi gaban a tara su duka, kuma wanda ya ce zai sayi duk abin da ya gani zai ƙare da tarkace. A ganina hanya mafi daɗi ga mai farawa ita ce dirhamomin Wasiɗ, wani gari a Iraƙi. Hajjaju ne ya gina garin, kuma shi ne ya fi kowane gari buga dirhami a zamanin Umayyawa, musamman a mulkin Hisham. Azurfarsa mai kyau ce, rubutun a sarari yake, farashin da sauƙi, kuma kana iya bin sa shekara bayan shekara har faɗuwar daular. Kafin ka haɗa goma ka iya karatun Kufi. Dimashƙa ma tana samuwa. Na Ifriƙiyya da Andalus da Arminiya na wannan zamani kuwa tsada gare su, a bar su sai an ƙware.

Wanda ya fi son labari ya nufi Samaniyawa. Daga ma'adinan azurfa irin na Panjshir a Afganistan ta yau, suka buga dirhamomi masu ɗimbin yawa a Samarƙand da Shash da Balkh da Andaraba. Fatake suka kwashe su zuwa kogin Volga, inda mutanen arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, suke kawo fatu da bayi da takubba suna karɓar azurfa. Ibn Fadlan, wanda halifa Muƙtadir ya aika ƙasar Bulgar da ke bakin Volga ya isa a 922 Miladiyya, ya ga waɗannan mutane, ya kuma ce matansu suna sa ƙawanyar wuya ɗaya a kan kowane dirhami 10,000 da mijin ya mallaka. A 1999 an tono wata binnanniyar dukiya a Spillings, tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin: azurfa kilo 67, ciki har da tsabar kuɗi fiye da 14,000, kusan dukansu na ƙasashen Musulmi. Waɗannan mutane ba su iya karanta rubutun ba, nauyi kawai suka sani. Shi ya sa za ka ga dirhami an yanka shi biyu ko huɗu don a cika awo, ko an ɗan tsaga gefensa da wuƙa don a gwada ko azurfar gaske ce. Irin wannan tabo ba aibi ba ne a wurin wanda ya san tarihinsa.

Ta yamma, wadda ta fi kusa da mu, akwai dirhamin Muwahhiduna na Maroko da Andalus. Shi murabba'i ne, ƙarami, wajen giram 1.5, babu shekara, babu sunan sarki, sai "Allahu rabbuna, Muhammadun rasuluna, al-Mahdi imamuna", Mahdin kuwa Ibn Tumart ake nufi. Yana da araha, amma a sani 'yan kasuwar Kiristoci na kudancin Turai sun kwaikwaye shi da yawa don ciniki da Arewacin Afirka, kuma nasu rubutun a karkace yake. Akwai kuma na Umayyawan Andalus, masu sunan Madinatuz Zahra daga 336.

Masu son hoto ba a bar su a baya ba: Kaikhusrau na biyu na Saljuƙawan Rum ya buga zaki da rana a Konya da Sivas, cikin Turkiyya ta yau, daga 638 zuwa 641 bayan hijira, Baibars na Masar ma ya sa zaki a ƙarƙashin sunansa.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Ba su da yawa. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal wanda ke nuna har 0.01 na giram, gilashin ƙara girma mai ninki goma, abin auna faɗi da milimita, da maganaɗisu mai ƙarfi. Sai littafin Stephen Album mai suna Checklist of Islamic Coins, don lambobinsa ne dillalai ke sa wa kaya. Idan ka ga an rubuta A da lamba a bayanin dirhami, shi ake nufi. Rumbun hotuna na Zeno.ru kyauta ne a intanet, kuma a can za ka kwatanta naka da ɗaruruwan irinsa. Ka yi makonni kana karanta hotuna kana rufe bayanin da hannu kafin ka fitar da ko sisi.

Mataki na biyar: saye, da gane jabu

Dirhami na gaske bugu ne. Ana ɗora faifan azurfa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a maka masa guduma. Saboda haka bakin haruffansa yana da kaifi, sau da yawa bugun yakan ɗan kauce daga tsakiya, wani gefen ya fito sosai wani ya yi rauni, kuma da wuya ka sami biyu masu kama ɗaya sak. Yawancin jabu kuwa zubi ne. Ka sa gilashi ka duba: haruffa masu laushi kamar sun narke, ƙananan ramuka ko ƙuraje a fili, da layin haɗi a kaifin gefe ko alamar an goge shi da magagari. Idan mai kaya ya zube maka guda biyar kuma duk tabonsu a wuri ɗaya yake, daga uwa ɗaya aka zuba su.

Sai awo. Dirhamin Umayyawa ko na farkon Abbasiyawa da ba a taɓa ba yakan tsaya tsakanin giram 2.7 da 2.95, siriri ne, faɗinsa wajen milimita 24 zuwa 29. Idan ya yi ƙasa sosai, ko dai an rage gefensa tun a da, abin da za ka gane idan rubutun gefe ya yanke, ko kuma ba azurfa ba ce. Idan ya haura giram 3 da yawa kuma ya yi kauri, ka ajiye shi. Wannan doka ba ta hau kan na Samaniyawa da na bayansu ba, don nauyinsu yana hawa yana sauka, da awo ake karɓar su a kasuwa ba da ƙirge ba. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma rashin kamawa ba shaida ba ce, tun da tagulla da dalma ma ba ya kama su.

Gwaji na ƙarshe shi ne na karatu. Maƙerin jabu yakan haɗa fuskar wani zamani da bayan wani, ko ya sa sunan halifan da ya rasu shekaru kafin shekarar da ke jiki. A nan sai an yi hattara, domin mutanen Volga sun kwaikwayi dirhamin Samaniyawa tun a ƙarni na 10 na Miladiyya, da rubutu a hargitse, kuma waɗannan tsofaffi ne na gaske masu nasu masoya.

Wajen saye, ka tsaya ga dillalan da suka yi suna a wannan fanni da gidajen gwanjo irin su Stephen Album Rare Coins a Amurka ko Morton & Eden a Landan, waɗanda ke bayyana nauyi da gari da shekara. Ka tambayi sharaɗin mayar da kaya idan ya zama jabu kafin ka biya. A gwanjo ana ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa wajen kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin aike ga na kwastan, don haka ka yi lissafi kafin ka taya. Tsakanin guda uku da suka goge da guda ɗaya da garinsa da shekararsa suka fito tas, ɗauki ɗayan. Mai huda ko wanda aka liƙa wa kunne don sarƙa farashinsa yana faɗuwa sosai, amma yana da kyau don koyo.

Maganar doka ba ta wasa ba ce. Masar da Turkiyya da ƙasashe da dama sun hana fitar da kayan tarihi, tsofaffin kuɗi na ciki, kuma ana kama mutane a filin jirgi a kan haka. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2199 na 2015 ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba daga Iraƙi tun Agustan 1990 da Siriya tun Maris 2011. Don haka mai tafiya Umara ko fatauci ya bar abin da ake tallatawa a lungun kasuwa: in jabu ne ya yi asara, in na gaske ne ya ɗauko wa kansa magana. Ka nemi dillali ya rubuta maka a rasit daga inda kayan ya fito, wane tsohon tari ko wane gwanjo.

Mataki na shida: adanawa da rubutawa

Kada ka wanke shi. Wannan baƙi-baƙin da ke kwance tsakanin haruffa shi ne ke fito da rubutun, kuma masu saye suna biyan kuɗi a kansa. Toka, lemon tsami, man goge haƙori, da kai shi wurin maƙerin farfaru ya haska maka shi, duk ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Idan ƙasa ce ta manne, ka jiƙa shi a tataccen ruwa, ka ɗauke ta da tsinken sakace a hankali, ka shanya shi sosai. Wanda ya lanƙwashe kuma a bar shi yadda yake. Azurfar da ta yi shekara dubu a ƙasa takan yi gautsi, tana iya karyewa a hannunka kamar ƙwai.

Ka riƙe shi ta gefe da hannu mai tsabta, a saman tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Kowane ɗaya da nasa gida: ƙaramar ambulan ta takarda marar sinadari ko kwanson roba mai tauri. Ledar nan mai laushi ta PVC tana fitar da wani kore-kore mai cin ƙarfe, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, cikin akwatin.

Sannan ka buɗe littafi. Kowane dirhami ka ba shi lamba, ka rubuta daula, sarki, gari, shekara, nauyi, faɗi, lambar Album, wurin da ka saya, rana da farashi, ka ɗauki hoton fuska biyun da hasken da ke zuwa daga gefe don haruffa su fito. Tsofaffin takardun da suka zo tare da shi, ko da guntun kati ne da rubutun wani mai tarawa na da, kada ka yar, don suna cikin shaidar asalinsa. Kwafin littafin ya zauna a wani wuri dabam da akwatin, kuma wani a gida ya san da shi, don kada magada su kai tarin wurin maƙeri a auna musu a farashin narkakkiyar azurfa. Idan tarin ya kai guda ɗari biyu, nauyinsa ya doshi giram 595 na nisabi, sai ka tuntuɓi malaminka a kan zakkarsa.